Raunin XSS a manhajojin kunna sauti da bidiyo na shafukan intanet

Raunin XSS a manhajojin kunna sauti da bidiyo wata kafa ce ta tsaro da ke bai wa mai kutse damar cusa umarninsa a cikin shafin intanet na wani, ta hanyar ƙaramar manhajar da shafin ke amfani da ita wajen kunna karatu, waƙa, shirin rediyo ko fim. XSS taƙaitawa ce ta sunan Turanci Cross-site scripting, wanda injiniyoyin tsaro na kamfanin Microsoft suka fara amfani da shi a farkon shekarar 2000. A watan Fabrairun shekarar ne cibiyar CERT ta Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka ta fitar da gargaɗi ga duniya a kan matsalar.

Mafi yawan masu shafuka ba su ne suke rubuta manhajar kunnawa da kansu ba. Ɗauko ta suke yi a shirye, kyauta ko da kuɗi, su liƙa a shafinsu. Irin wannan manhajar ƙari ita ake kira filogin. Da zarar an liƙa ta, burauzar mai ziyara tana ɗaukar ta a matsayin wani ɓangare na shafin, tana kuma ba ta duk ikon da shafin yake da shi. Saboda haka kuskuren da wani mai rubuta manhaja ya yi a Turai ko Amurka yana iya zama ƙofar shiga shafin wata makaranta ko jarida a Kano. Batun ya shafi masu amfani da Hausa a intanet kai tsaye, domin kaso mai yawa na abin da suke nema abin saurare ne da na kallo: tafsiri, wa'azi, labaran rediyo, waƙoƙi da finafinan Kannywood.

Yadda raunin yake aiki

Shafin intanet rubutu ne da kwamfutar da ke ajiye da shafin, wato saba, take turo wa burauza. A cikin rubutun akwai abubuwa iri biyu: bayanin da za a nuna wa mai karatu, da umarnin da burauza za ta zartar. Ana rubuta umarnin da harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a shekarar 1995. Dukkansu biyun a layi ɗaya suke tafiya, wasu alamomin rubutu ne kawai suke raba su, kamar alamomin kusurwa da ake buɗe umarni da rufe shi da su, da alamar zance, da waƙafin sama.

A nazarin harshe ana bambanta zancen da aka ruwaito da zancen da aka furta. Idan mai shela ya karanta wasiƙar da aka rubuta "a rufe kasuwa" a cikinta, yana faɗin abin da wasiƙar ta ƙunsa ne, ba shi ne yake ba da umarnin ba. Mutum yana gane wannan bambanci daga murya da yanayin magana. Burauza ba ta da wannan basira, alamomi kawai take bi. Idan shafi ya karɓi rubutu daga wani baƙo, ya mayar da shi cikin shafin ba tare da ya kashe ƙarfin alamomin ba, baƙon zai iya rufe zancen da alamarsa, ya buɗe umarni, burauza kuma ta zartar da shi da sunan shafin.

Abin da ya sa hakan yake da haɗari shi ne wata ƙa'ida da burauzoji suke bi tun zamanin Netscape: umarnin da ya fito daga wani shafi ba ya taɓa bayanan wani shafin daban. XSS yana zagaye wannan ƙa'ida, tunda umarnin mai kutse yana gudana ne daga cikin shafin da aka amince da shi. Daga nan zai iya karanta abin da mai ziyara ke gani, ya sace ɗan guntun bayanin da ake kira kuki wanda ke shaida cewa mutum ya shiga asusunsa, ya nuna akwatin bogi na neman kalmar sirri, ko ya tura mai ziyara wani shafin damfara. Idan mai kula da shafin ne ya faɗa tarkon, umarnin zai iya buɗe sabon asusun mai kula a ɓoye, shafin gaba ɗaya ya koma hannun mai kutse.

Ire-iren XSS

Masana tsaro sun raba raunin gida uku. Na farko shi ne mai dawowa nan take: ana saka umarnin a cikin adireshin shafi, a tura wa mutum mahaɗin ta WhatsApp ko Facebook ko imel, yana dannawa shafin ya maido masa da umarnin burauzarsa ta zartar. Na biyu shi ne ajiyayye: umarnin yana shiga ma'ajiyar bayanan shafin ta wani gurbi kamar sunan waƙa ko wurin sharhi, ya zauna a can yana kama duk wanda ya buɗe shafin. Na uku yana faruwa ne a cikin burauza kaɗai, inda umarnin shafin na asali yake ɗauko wani bayani daga adireshi ya dasa shi a shafin ba tare da ya tace ba.

Misalin da ya fi shahara na nau'in ajiyayye shi ne na watan Oktoban 2005, lokacin da wani matashi mai suna Samy Kamkar ya saka umarni a shafinsa na dandalin MySpace. Duk wanda ya buɗe shafin sai umarnin ya kwafi kansa zuwa nasa shafin. Cikin ƙasa da kwana ɗaya ya kama asusu sama da miliyan 1, har sai da aka rufe dandalin na ɗan lokaci. A watan Yulin 2010 kuma an yi amfani da irin wannan rauni a wurin sharhi na YouTube wajen nuna wa masu kallo saƙonnin ƙarya da tura su wasu shafuka.

Dalilin da ya sa manhajar kunnawa take zama kafa

Aikin manhajar kunnawa ya ginu ne a kan karɓar bayani daga waje. Tana bukatar adireshin fayil, sunan karatun ko waƙar, sunan mai yi, hoton bango, jerin abubuwan da za su biyo baya, da fassarar da ke fitowa a ƙasan bidiyo. Wasu daga cikin bayanan suna zuwa ne daga adireshin shafi, wasu daga marubutan shafin, wasu kuma daga cikin fayil ɗin kansa, domin fayil ɗin MP3 yana ɗauke da suna da bayanin da wanda ya haɗa shi ya rubuta. A rediyon intanet ma sunan abin da ake kunnawa a lokacin yana zuwa ne daga wata sabar daban. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gurabe wuri ne da za a iya ɓoye umarni idan manhajar ba ta tace shi ba.

Dalili na biyu shi ne yaɗuwa. Manhaja ɗaya tana iya zama a dubban shafuka, a wuri ɗaya kuma da suna ɗaya. Mai kutse ba ya bukatar sanin shafi ko mai shi. Yana rubuta manhajar da za ta riƙa zagaya intanet tana neman wannan fayil, duk inda ta same shi ta gwada. Ƙanƙantar shafi ko rashin shahararsa ba su kare shi daga irin wannan farauta.

Dalili na uku shi ne mantuwa. Manhajar kunnawa abu ne da ake sakawa sau ɗaya, muddin sauti yana fita babu mai waiwayar ta. Wani lokaci ma akan daina amfani da ita amma fayilolinta su ci gaba da zama a saba.

Zamanin Flash

Kafin burauzoji su iya kunna sauti da bidiyo da kansu, kusan kowane shafi ya dogara ne da fasahar Flash ta kamfanin Adobe. Manhajojin kunnawa na lokacin ƙananan fayiloli ne na Flash da ke karɓar saituna daga adireshi, suna kuma iya kiran JavaScript na shafin da suke ciki. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ta haifar da jerin raunuka masu kama da juna. A shekarar 2012 an bayyana raunin XSS a JW Player, manhajar da Jeroen Wijering ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙira, wadda tana cikin waɗanda aka fi amfani da su a duniya a lokacin. A 2013 an sami irinsa a jPlayer, da kuma a filogin ɗin WordPress mai suna Audio Player, wanda masu shafukan waƙa da na shirye-shiryen sauti suka yi yayi.

Lamarin da ya fi girma shi ne na MediaElement.js, manhajar da John Dyer ya rubuta, wadda WordPress ya saka a cikin jikinsa tun sigar 3.6 a shekarar 2013. Ranar 6 ga Mayun 2016 WordPress ya fitar da sigar 4.5.2 domin toshe raunin XSS a wannan manhaja, wanda masu bincike na kamfanin Cure53 na ƙasar Jamus suka gano. Raunin ya shafi sigogi daga 4.2 zuwa 4.5.1. Abin lura shi ne fayil ɗin yana nan a kowane shafin WordPress na waɗannan sigogi, ko mai shafin ya taɓa ɗora sauti ko bai taɓa ba. Ranar 16 ga Janairun 2018 aka sake fitar da siga 4.9.2 saboda wani raunin a fayilolin Flash na manhajar. A wannan karon WordPress cire fayilolin ya yi gaba ɗaya.

Adobe ya sanar a watan Yulin 2017 cewa zai yi ritayar Flash, ya kuma daina tallafa masa ranar 31 ga Disamban 2020. Manyan burauzoji sun cire shi, wannan rukunin raunuka ya mutu ga duk mai amfani da sabuwar burauza.

Bayan Flash

Mutuwar Flash ta rufe ƙofa ɗaya, amma manhajojin da suka gaje shi da JavaScript aka rubuta su, kuma suna karɓar bayanai iri ɗaya. A watan Mayun 2017 kamfanin Check Point na Isra'ila ya nuna cewa za a iya kai hari ta fayil ɗin fassarar fim a manhajojin VLC, Kodi, Popcorn Time da Stremio, waɗanda ya ƙiyasta kusan kwafi miliyan 200 masu raunin ake amfani da su a lokacin. A Popcorn Time, wadda aka gina da fasahar shafin intanet, raunin na XSS ne: manhajar tana ɗaukar rubutun fassarar ta nuna shi ba tare da ta kashe umarnin da ke ciki ba. A 2019 an bayyana raunin XSS ajiyayye a filogin ɗin FV Flowplayer na WordPress, a 2021 kuma aka gyara wani a Video.js wanda ya shafi gurbin fassara.

Akwai kuma wata hanyar mai kama da wannan, inda ake gurɓata manhajar tun daga tushenta. A watan Janairun 2022 sashen bincike na Unit 42 na kamfanin Palo Alto Networks ya ba da rahoton cewa masu kutse sun dasa umarnin satar bayanai a cikin wata manhajar bidiyo da ake ɗaukowa daga sabar wani kamfani, ta haka suka kama shafuka sama da 100 na dillancin gidaje. Masu shafukan ba su canza komai a nasu ɓangaren ba, bidiyon da suka liƙa ne ya shigo da ɓarawon. A watan Yunin 2024 an ga makamancin haka da adireshin polyfill.io, wanda shafuka sama da 100,000 ke ɗauko umarni daga gare shi: bayan an sayar da adireshin, sai ya fara tura wasu masu ziyara ta waya zuwa shafukan caca da damfara.

Halin da ake ciki

WordPress ne ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya, kuma mafi yawan raunukan da ake samu a cikinsa daga filogin suke. Kamfanin tsaro na Patchstack ya ƙirga sababbin raunuka kusan 8,000 a shekarar 2024, kashi 96 cikin 100 a filogin, kusan rabinsu kuma XSS. A jerin raunuka 25 mafi haɗari da cibiyar MITRE ta Amurka ta fitar na 2024, XSS ne ya zo na ɗaya. A watan Satumban shekarar hukumomin CISA da FBI suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna kiran kamfanonin manhaja da su kawar da wannan rukunin rauni daga kayayyakinsu, tunda an daɗe da sanin maganinsa.

Ana da saɓanin fahimta a kan ma'anar waɗannan alƙaluma. Wasu masana suna ganin yawan ya ƙaru ne saboda kamfanoni kamar Wordfence da Patchstack suna biyan lada ga duk wanda ya gano rauni, don haka masu nema suka yi yawa. Suna kuma nuni da cewa da yawa daga cikin raunukan ba su aiki sai mai harin yana da asusun marubuci a shafin. Wasu kuma suna cewa wannan sharaɗi ba shi da wuyar cikawa, domin shafukan labarai da na nishaɗi sukan raba asusu ga marubuta da yawa, kuma kalmar sirrin mutum ɗaya ta isa.

Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne ana amfani da XSS wajen ƙwace shafuka da gaske. Kamfanin Sucuri ya bayyana a watan Afrilun 2023 cewa wani gungun hari da aka sa wa suna Balada Injector ya kama shafukan WordPress sama da miliyan 1 tun daga 2017. A watan Satumban 2023 kaɗai ya kama sama da 17,000, mafi yawansu ta raunin XSS a filogin ɗin tagDiv Composer, wanda ke tafiya tare da wani tsarin ado da shafukan jaridu ke so. Masu ziyarar shafukan da aka kama sukan tsinci kansu a shafukan cin gasa na ƙarya da na neman izinin turo sanarwa.

A Najeriya, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta gargaɗi masu shafukan WordPress a 2024 kan wani rauni a filogin ɗin LiteSpeed Cache da ke kan shafuka sama da miliyan 5, ta sake yin gargaɗi a farkon 2025 kan Jupiter X Core. Waɗannan ba manhajojin kunnawa ba ne, amma shawarar da hukumar ta bayar ɗaya ce: a sabunta filogin da gaggawa.

Yadda batun ya shafi Gwarzo da Kabo

Gwarzo da Kabo ƙananan hukumomi ne biyu daga cikin 44 na Jihar Kano, suna yammacin jihar, kuma mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya. A ƙidayar 2006 Gwarzo tana da mutum sama da 180,000, Kabo kuma sama da 150,000. Kamar sauran garuruwan karkarar Kano, mafi yawan masu shiga intanet a yankin da wayar hannu suke shiga, kuma mahaɗai suna yawo ne ta rukunonin WhatsApp na unguwa, na makaranta da na majalisin karatu. Lokacin azumi neman tafsiri yana ƙaruwa, lokacin zaɓe kuma shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyon Kano ne ake turawa.

Wannan yanayi ya dace da harin XSS mai dawowa nan take. Shawarar da aka saba bai wa mutane ita ce su duba adireshi kafin su danna. A wannan hari adireshin na gaskiya ne, sunan shafin da mutum ya sani ne a farkonsa, umarnin yana can a wutsiyar mahaɗin inda allon waya ba ya nunawa. Wanda ya danna zai ga shafin da ya saba gani, da tambarinsa da komai, sai dai akwatin da ke neman lambar waya ko lambar BVN ko lambar sirri ta katin banki ba na shafin ba ne. Amanar da mutane suka bai wa malami ko gidan rediyo ita ce jarin mai damfarar.

Akwai kuma kwamfutocin haɗaka. Tun da hukumar JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ɗaliban garuruwa irin su Gwarzo, Getso, Kabo da Garo sun ƙara dogara da shagunan intanet da cibiyoyin kwamfuta wajen rajista, duba sakamako da cike takardun makaranta. A irin waɗannan kwamfutoci burauza takan daɗe ba a sabunta ta ba, mutane kuma sukan tashi ba su fita daga asusunsu ba.

Ta ɓangaren masu shafuka, matsalar ta tsari ce. A misali, makarantar Islamiyya ko ƙungiyar ci gaban gari takan biya wani matashi ya gina mata shafi, ya saka manhajar kunna karatuttuka, a biya shi kuɗin aikin sau ɗaya. Bayan shekara ya tafi bautar ƙasa ko ya sami wani aikin. Kuɗin da ake tunawa da shi shi ne na sabunta sunan shafi da na saba, babu kasafin kulawa. Wani lokaci kuma, saboda tsadar dala, akan ɗauko kwafin sata na filogin mai kuɗi. Irin wannan kwafi ba ya karɓar sabuntawa daga masu shi, kuma masu binciken tsaro sun sha samun umarnin kutse a dashe a cikinsa tun kafin a saka shi. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a irin waɗannan shafuka tsagar takan shekara ba a duba ta ba.

Batun rubutun Hausa

Akwai wani ɓangare na matsalar da ya keɓanta da harshe. Waƙafin sama yana cikin alamomin da ake amfani da su wajen ɓalle zance a harin XSS, shi ya sa manhajoji suke sa masa ido. A rubutun Hausa kuwa wannan alama harafi ce mai aiki: tana cikin wa'azi, al'umma, Alƙur'ani, jama'a, 'ya'ya da 'yan makaranta. Sunan karatu ko waƙa na Hausa da wuya ya rasa ta.

Idan manhaja ta zaɓi goge alamar domin kariya, tana lalata kalma, har ta iya canza ma'ana, kamar yadda "ya'ya" da "yaya" ko "sa'a" da "saa" suke nunawa. Idan kuma ta sauya alamar sau biyu bisa kuskure, mai karatu zai ga wasu lambobi kamar &#039; a tsakiyar kalma. Haka haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sukan koma alamar tambaya idan saitin haruffa bai zama UTF-8 ba. Mai kula da shafi da ya gaji da ganin sunayen karatu a hargitse yana iya kashe tacewar gaba ɗaya domin rubutu ya fito daidai, ta haka ya buɗe ƙofar da aka rufe.

Hanyar da masana suka yarda da ita ba ta bukatar goge komai. Ana ajiye rubutun yadda aka rubuta shi, sai a lokacin nunawa a sauya alamomin zuwa siffar da burauza za ta nuna su a matsayin haruffa kawai, sau ɗaya, gwargwadon gurbin da za su shiga. Da haka "Wa'azin 'yan kasuwa" zai fito daidai, umarnin mai kutse kuma zai fito a matsayin rubutu marar aiki.

Matsayin doka a Najeriya

Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, ta kuma tanadi ɗauri ko tara ko duka biyun. Wannan ya shafi ɗaliban da ke koyon tsaron intanet: gwada rauni a shafin da ba na mutum ba, ba tare da izinin mai shi ba, yana iya jefa shi cikin laifi ko da niyyarsa taimako ce. Gyaran da aka yi wa dokar a watan Fabrairun 2024 ya rage wa'adin kai rahoton hari ga cibiyar ngCERT, wadda ke ƙarƙashin ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, daga kwana 7 zuwa awa 72.

Dokar kare bayanan jama'a ta watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane alhakin kare su, ta kuma kafa hukumar NDPC. Idan aka sace bayanai ta yadda masu su za su iya cutuwa, wajibi ne a sanar da hukumar cikin awa 72. Makarantar da ke karɓar sunaye da lambobin wayar ɗalibai a shafinta tana cikin waɗanda dokar ta shafa, kuma kasancewar wani ne ya rubuta filogin ɗin ba ya ɗauke mata alhakin.

Hanyoyin kariya

Ga mai shafi, mataki na farko shi ne rage yawan filogin. Burauzojin yanzu suna kunna MP3 da MP4 da kansu ta tsarin HTML5, WordPress ma yana da gurbin sauti da bidiyo a jikinsa, don haka shafin da ke ɗora karatu kawai ba lallai ne ya bukaci ƙarin manhaja ba. Liƙa bidiyo daga YouTube ko Facebook yana sanya manhajar a cikin wani keɓantaccen firam da ba ya taɓa bayanan shafin, sai dai yana cin data kuma yana zuwa da tallace-tallacen da mai shafi ba shi da iko a kansu.

Mataki na biyu shi ne sabuntawa. Tun sigar 3.7 ta 2013 WordPress yake saka gyaran tsaro na jikinsa da kansa, tun sigar 5.5 ta watan Agustan 2020 kuma ana iya kunna wa kowane filogin sabuntawa ta atomatik. Filogin ɗin da aka daina amfani da shi a goge shi, domin kashe shi kawai yana barin fayilolinsa a saba. Wanda masu shi suka daina kula da shi a nemi madadinsa. Ya kamata kuma a riƙa duba jerin masu kula da shafi lokaci zuwa lokaci, a cire asusun da ba a san shi ba da na waɗanda suka bar aiki, a bai wa kowane marubuci iya ikon da aikinsa ke bukata, a kuma riƙa ajiye kwafin shafin a wani wuri daban. Idan za a ba da aikin gina shafi, yarjejeniyar ta ƙunshi kulawa ta wata-wata da miƙa kalmomin sirri ga masu shafin.

Ga masu rubuta manhaja, bayan sauya alamomi a lokacin nunawa, akwai alamar HttpOnly da Microsoft ya shigo da ita a 2002, wadda ke hana JavaScript karanta kuki, da tsarin CSP da ke faɗa wa burauza wuraren da aka yarda a ɗauko umarni daga gare su. Ƙungiyar OWASP tana wallafa jagororin waɗannan matakai kyauta.

Ga mai ziyara, kariyar da ta fi ƙarfi ita ce sanin abin da bai kamata shafi ya nema ba. Shafin tafsiri ko na waƙa ba shi da dalilin neman lambar BVN, lambar katin banki ko lambar da banki ya turo ta tes. Saƙon da ya ce sai an sauke wata manhaja ko an sabunta Flash kafin sauti ya fito na ƙarya ne, tunda Flash ya daina aiki tun 2020. Ya fi kyau mutum ya rubuta adireshin shafi da kansa a kan ya danna dogon mahaɗin da aka turo masa, ya riƙa sabunta burauzarsa, ya kuma fita daga asusunsa kafin ya tashi daga kwamfutar shago. Wanda ya ga shafin makarantarsu ko na garinsu yana tura shi wani wuri ya sanar da masu kula da shi, domin irin wannan umarni sau da yawa ana tsara shi ne ya ɓuya ga mai kula, ya bayyana ga baƙi kaɗai.